Lambar da Ta Ƙi Rabuwa a Hannun Yayana

Duk wanda ya san ni a Lafia ya san ba a karɓar maganata sai an rage mata rabi. In na ce na ga doya a kasuwar Assakio wadda sai da ƙarti huɗu suka ɗaga ta, to a ɗauka mutum ɗaya ne, kuma da hannun hagu. Haka Allah ya yi ni, ban kuwa taɓa neman magani ba. Amma labarin nan ban ƙara masa komai ba sai ɗan abin da bakina ya saba, don da nauyinsa ya zo.

Yayana ya girme ni da shekara goma sha biyar, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Fataucin gishiri yake yi, ya saro daga Keana ya kawo kasuwar Lafia. Mutane kan ce gidanmu gidan gishiri ne, babban yana sayarwa, ƙaramin yana zubawa a zance. Sai dai ba da gishiri aka san Yaya ba, da rabo aka san shi. In mutanen unguwa suka yi watanda, wato suka haɗu suka sayi sa guda aka yanka za a kasa, ba a sa wuƙa a tsoka sai ya iso. Jajibirin salla shi ne, lokacin Kirsimeti ma maƙwabtanmu Eggon da Migili shi suke aiko wa. Ya iya raba sa guda kashi goma sha bakwai, kowa ya sami tsoka da ƙashi da kitse da 'yar hanta, kowa kuma ya koma gida yana jin shi ya cuci sauran.

Yana da ƙa'ida biyu. Ta farko, ba ya yarda kashi ya yi daidai don wani ya ce ya yi, sai ya ɗaga shi da hannunsa ya ji nauyinsa. Ta biyu, in wani ya taɓa nama kafin a gama a jefa ƙuri'a, ko da ɗan yatsa ne, sai ya tattara duka wuri guda ya sake daga farko. Na taɓa ganin ya yi wa wani dattijo haka, mutane ashirin suna tsaye cikin rana, ƙudaje sun kira danginsu har daga Obi, bai ko ɗaga kai ba. Abin da ya saura kuwa bayan rabo, 'yar tsokar nan da ba ta shiga kashin kowa ba, masu nama kan bar masa, shi kuma ya miƙo mini. Tun ina yaro haka ne. Saura na ƙane ne, in ji shi.

A shekarun nan na hamsin, kafin Turawa su tafi, aka buɗe ajin manya na yaƙi da jahilci a unguwarmu. Yaya ya shiga. Karatu bai dame shi ba, har ya bar duniya yana rubuta sunansa kamar kaza ta bi ta kan tawada. Amma da aka zo lissafi, sai ka ce an maida kifi ruwa. Cikin wata huɗu ya iya dogon rabawa fiye da mai koya musu. Lokacin ni ina ƙaramin malami a elemantare, ina da wando gajere da biro a aljihu, ina tafiya kamar ni na gina makarantar.

Hedimastanmu mutumin Tibi ne, dogo, mai son lissafi, yana da wani littafi da ya zo da shi daga kwaleji wanda ba ya ba kowa aro. Wata rana muna hutawa a gindin mangwaro na hau cika baki. Na ce masa yayana babu abin da ba ya rabawa, in aka ba shi ruwan kogi sai ya kasa shi kashi-kashi, kifayen ma kowa ya sami nasa. Hedimasta ya yi dariya ya shiga ofis, ya fito da 'yar takarda an rubuta 2,147,483,647.

Ya ce in ɗauki ƙwayar gero ɗaya in ninka ta ta zama biyu, in ninka biyun su zama huɗu, haka har sau talatin da ɗaya, sannan in cire ƙwaya guda, abin da ya rage ke nan. Ya ce akwai lambobi masu taurin kai, irin su bakwai da sha ɗaya da sha uku, waɗanda ba sa kasuwa kashi daidai ko ta yaya, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka ko kowa ya ɗauki ɗai-ɗai. Wannan tana cikinsu, wani masanin lissafi a ƙasar Turai ya tabbatar tun kafin a haifi kakanninmu.

“Ka ba yayanka ya yi wasa da shi kwana biyu,” in ji shi, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. “Amma ka gaya masa gaskiya bayan nan. Lamban nan ba ya rabuwa.”

Na ce to.

Da la'asar na sami Yaya a ƙofar gida yana ɗinke bakin buhu. Na miƙa masa takardar na ce Hedimasta ya ce in shi mai rabo ne ya raba wannan kashi daidai, ko kashi nawa ya ga dama, amma kada komai ya saura. Ya dubi lambar ya ce wannan ai ta fi mutanen duniya yawa. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke. Ya raba biyu, saura ɗaya. Ya raba uku, saura ɗaya. Ya raba bakwai, saura ɗaya. Ya raba sha ɗaya, saura ɗaya. Ya ɗago ya ce mini wannan ɗayan da gangan take yi. Ni kuwa ina bayan buhu ina danne dariya har cikina yana ciwo.

Kwana biyu suka wuce ban faɗa ba, don wasan ya yi daɗi. Ina ba abokaina labari a kasuwa, ina kwaikwayon yadda yake sosa ƙeya. Na ce bari a cika mako. Da mako ya cika na ce bari a ga wata. Hedimasta ya tambaye ni sau ɗaya, na ce ai tuni na gaya masa, har mun yi dariya tare. Kafin shekara ta juyo aka yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da littafinsa, ya rage ni kaɗai a garin na san gaskiya.

Yaya kuwa ya maida abin aiki. Ya lura da kansa cewa tunda biyu ta kasa, duk 'ya'yan biyu za su kasa, haka na uku da na biyar, sai ya daina ɓata lokaci a kansu. Wata rana kuma ya kira ni yana murna, ya ce ya gano inda hanyar ta ƙare. Kashi uku na mutum huɗu-huɗu da kashi huɗu na mutum uku-uku duk abu ɗaya ne, an juya ne kawai. Saboda haka in yawan kashi ya kai ga fin abin da ke cikin kowane kashi, to an fara maimaita baya, sai a tsaya. Ya lissafa ya ce iyakar tana wajen dubu arba'in da shida da ɗari uku da 'yan kai, kuma lambobin da zai gwada kafin can sun ɗan haura dubu goma sha biyu. Ya faɗi haka kamar mai cewa gobe zai leƙa Obi ya dawo.

A ƙasa yake yin lissafin, amma awaki da iska ba su san darajar ilmi ba. Sai ya koma rubuta sakamako a bangon ɗakinsa, da tawada da alƙalamin kara: lambar da ya gwada, da abin da ya saura a gefenta, ƙanana kamar tururuwa sun yi sahu. Kullum in ya dawo kasuwa ya yi takwas ko goma kafin magariba. Bangon gabas ya cika, ya koma na kudu. Matarsa, wadda nake tsokana tana tsokanata tun ranar da aka kawo ta, ta ce ita dai ta auri mutum ta wayi gari a cikin allo.

A shekara ta biyu dariya ta ƙare mini. Yaya ya yi noma a bakin kogi yana saurayi, inda ƙananan ƙudajen nan masu cizo suke, kuma yawancin waɗanda suka yi zama a can idonsu kan tafi tun ba su tsufa ba. Nasa ya fara. Da farko ƙaiƙayi, sai hawaye, sai ya zama yana kai fuskarsa dab da bango har hancinsa yana shafar tawada. Malamin asibiti ya ba shi magani ya ce ya hutar da idon. Ya ce to, ya dawo gida ya ɗauki alƙalami. Ni ina gani. Ban sani ba ko rubutun ne yake ƙara cinye idon ko ciwon ne yake tafiyarsa, amma na san ɗan ganin da ya rage masa a kan wasana yake ƙarewa.

Maganar da za ta tsayar da shi ba ta fi kalma goma ba. Ni da nake iya yin magana daga Lafia har Keana ban haɗiyi yawu ba, na kasa furta ta. Sau uku ina zuwa bakin ƙofarsa da niyya. In ya ji motsina sai ya ce, “Malam ƙarami, zo ka ga inda na kai,” ya kama hannuna ya ɗora a bango. Yaya zan ce wa mutumin da ya ciyar da ni, ya sa ni makaranta, shekara biyu ke nan ina kallonsa yana haƙa rijiyar da na san babu ruwa? Sai in ce sannu da ƙoƙari, in ba shi labarin wani abin dariya, in fita.

Sai na yi dabara irin ta matsorata. Ana saura mako guda salla Yaya ya tafi Keana saro gishiri, tafiyar kwana huɗu. Lokacin ne mata suke shafe ɗakuna da farar ƙasa. Na sami matarsa na ce ɗakin nan fa ya zama abin kunya, baƙi za su zo, kuma rubutun nan shi ke kashe masa ido, in ya dawo ya ga babu zai yi faɗa kwana biyu ya haƙura. Ta ce ita tana tsoro. Na ce ta bar mini, in ya tashi kashe wani ni zai kashe. Ni na kwaɓa farar ƙasar, ni na riƙe tsumma. Lokacin lissafin Yaya ya riga ya ɗan wuce dubu ashirin da biyar. Kafin azahar na shafe aikin shekara biyu da wata uku, har ina waƙa.

Da ya dawo ya shiga ɗakin, muna tsakar gida muna jiran tsawa. Tsawar ba ta zo ba. Can ya fito ya tambayi wanda ya yi, na ce ni ne, don salla. Ya ce ya yi kyau, ɗakin ya yi haske. Ya yi alwala ya tafi masallaci. Na ce wa matarsa ka ga, an gama, na ceci idon mijinki, a dafa mini kaza.

Kashegarin salla na leƙa na same shi a kusurwar bangon gabas, can sama, ya taka turmi. Ya rubuta bakwai, saura ɗaya.

Na ce, “Yaya, ai ka san inda ka tsaya. Dubu ashirin da biyar ne da wani abu, ni ma na tuna. Ka ɗora daga nan mana.”

Bai juyo ba. Ya ce, “An taɓa.”

Wallahi ban tuna da ƙa'idar nan ba sai a lokacin. Ni da na tashi a gindin tabarmar rabonsa, na ci saura ya fi sau ɗari, na manta cewa mutumin nan in aka taɓa ba ya haƙura kuma ba ya ɗorawa, tattarawa yake ya koma farko.

A wurin na faɗa masa. Ban tsara ba, ban sa gishiri ba, karo na farko a rayuwata. Na ce lambar ba ta rabuwa, Hedimasta ya gaya mini tun ranar farko, ya ce in faɗa bayan kwana biyu, ni na ɓoye don in yi dariya, daga baya kunya ta hana ni, bangon ma don haka na shafe. Ina magana ina kuka, ƙato da ni, da biro a aljihu.

Ya sauko daga kan turmin a hankali ya zauna a bakin gado. Ya ce tun bara ransa ya ba shi ba za ta rabu ba, don ya ga take-takenta. Ya tambaye ni wa ya gaya wa Hedimasta, na ce littafi. Wa ya gaya wa littafin, na ce wani Bature da ya mutu tuntuni.

“To kai ka ji a bakin Hedimasta, shi ya ji a bakin littafi,” in ji shi. “A cikinku wa ya ɗaga ta da hannunsa?”

Sai ya ƙara da cewa:

“Wasan da ka yi ban riƙe ka ba, ƙane, halinka ne, tun kana rarrafe kake yi. Bangon ne dai. Da ka tambaye ni.”

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan. Da ya ɗauki taɓarya ya rotsa mini kai da na fi jin daɗi.

Ya ci gaba. Kafin damina ta biyu idon ya kai inda ba ya bambanta uku da takwas, daga nan kuma sai haske da duhu kawai. Ya bar zuwa Keana. Watanda dai ba a daina kiransa ba, a kama masa sanda a kai shi, ya ɗaga kashi da hannu ya ce a rage nan a ƙara can, ba a taɓa samun kuskure ba. Lissafin kuma sai na zama idonsa. In na taso daga makaranta in zauna a ƙofar ɗakin in share ƙasa, ya faɗi lambar da ke biye, ni ina rubutawa ina faɗa da ƙarfi, shi yana bi da ka. In na yi kuskure kafin in rufe baki ya ce sake. Yakan ce gwamnati ta yi asarar wando a kaina. Ni kuma in ce masa lambar nan in ta rabu sai an yi mana ganga daga nan har Makurɗi, a ɗora shi a kan jaki ni a kan raƙumi. Ya yi dariya har ya yi tari. In muka gama guda in hau turmi in rubuta, shi kuma ya miƙa hannu ya shafa wurin, tawadar ba ta bushe ba, ya ce to, ta gaba.

Muna yi a hankali, don ni ban kai shi sauri ba ko rabi. Shekara biyu da wani abu muna haka. Sai zazzaɓi ya kama shi bayan girbin doya, kwana shida. Ran na biyar da hantsi ya tambaye ni inda muka tsaya, na ce dubu ashirin da biyu da 'yan kai. Ya ce ashe ba mu ma kai inda aka shafe ba. Ba da zafi ya faɗa ba, lissafi kawai yake yi. Kashegari bayan azahar ya cika.

Sai bayan sadakar bakwai na zauna ni kaɗai a ɗakin na yi lissafin da ɗan aji biyu zai iya. Dubu ashirin da biyar na farko, da dubu ashirin da biyu na biyu, dubu arba'in da bakwai ke nan. Iyakar kuwa dubu arba'in da shida da ɗari uku da 'yan kai. Aikin da ya yi ya isa, har ya yi rara. Da ban kwaɓa farar ƙasar nan ba da ya kai ƙarshe da ransa, watakila ma da sauran ganinsa, ya ɗaga ta da hannunsa ya ajiye.

Na hana a taɓa ɗakin. Kowace salla matarsa takan shafe ko'ina ta tsallake shi, ba tare da na ce komai ba. Na ɗora daga inda muka tsaya, don wannan karon ba wanda ya taɓa. Ban yi da himma irin tasa ba. Na yi aure, aka kai ni ƙauye aka dawo da ni, 'ya'ya suka zo, wani lokaci wata uku ban shiga ba. In mutane suka tambayi abin da nake yi a ciki sai in ce ina ƙirga matan da suka ƙi ni ne, bangon ma ya kusa kasawa. Shekara tara na ɗauka.

Ta ƙarshe ita ce 46,339. Na yi ta sau uku a ƙasa, kamar mai jiran a ce sake. Ba ta rabu ba. Saura 41,709. Wurin da ya rage a bango can ƙasa ne kusa da ƙofa, sai da na durƙusa na rubuta.

Na fito na sami matar Yaya tana tsince shinkafa a faifai, furfura ta fara fito mata. Na ce mata an gama. Ta tambaya ko ta rabu, na ce a'a, yadda aka faɗa tun farko haka ne, sai da aka sami saura.

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, “To ai sauran naka ne.”

Na koma ɗakin na zauna a kan turmin. Tawadar ba ta bushe ba tukuna, na sa hannu na shafa.